Madarar oganik: na saya wa yarana, ga abin da na gani

Gidan da ke da yara uku a Ingila ba ya rabuwa da madara. A sha da shayi, a dama kunu da ita, ni kuma duk mako sai na kafa kindirmo, domin maigida ba ya jure dogon zama babu fura. Shi ya sa da wata ƙawata 'yar Sakkwato, wadda ta riga mu zuwa Manchester, ta ce mini, "Maman yara, ki raba su da madarar nan ta gama-gari, duk magani ne a ciki, ki koma oganik," maganar ta tsaya mini a rai. Uwa ba ta jin an ce abu yana cutar da ɗanta ta yi barci. Na koma oganik, wato madarar shanun da ake kiwo ba tare da takin zamani da makamantansa ba, na tsawon watanni, ina saye, ina lura, ina kuma neman sanin abin da nake biya wa ƙarin kuɗi.

Tambarin da ke jikin yawancin kwalaben da na saya na Soil Association ne, ƙungiyar da aka kafa a 1946, wadda ke zuwa gona ta duba kafin ta yarda a sa sunanta. Sharuɗɗan duk a kan kiwo suke. Dole a saki shanu su yi kiwo a fili duk lokacin da yanayi ya bari, ba a yarda a tsare su a rumfa shekara zagaye ba. Aƙalla kashi 60 cikin 100 na abincinsu ya zama ciyawa, ɗanya ko busasshiya. Ba a zuba wa makiyayar takin zamani, ba a ba shanun hatsin da aka sauya wa halitta. Idan saniya ta kamu da ciwo, kamar ciwon hantsa, ana yi mata magani, amma sai an ninka kwanakin da ake jira kafin a sake sayar da madararta.

To, maganar magani da ta tayar mini da hankali fa? A nan ƙawata ba ta yi daidai ba, ko da yake da kyakkyawar niyya ta faɗa. Madarar gama-gari ma ana gwada ta kafin ta shiga kwalba, kuma idan aka samu ragowar maganin kashe ƙwayoyin cuta ya wuce ƙa'ida, zubar da ita ake yi, asarar ta hau kan mai gonar. Allurar ƙara yawan nono da mutane ke jin tsoro kuwa, wadda Amurka ta amince da ita a 1993, doka ta hana ta a Ingila da Tarayyar Turai, ko gonar oganik ce ko ba ita ba. Labarin Amurka ne ya tsallako ya shiga bakin mutane a nan.

A kicin na fi lura sosai, domin kindirmo ba ya ɓoye halin madara. Nakan ɗora ta a wuta har ta kusa tafasa, in sauke, in bari ta huce har ɗan yatsa ya iya jurewa, in zuba cokali biyu na tsohon kindirmo, in rufe, in naɗe tukunyar da bargo ta kwana. Da oganik mai cikakken mai da ta gama-gari mai cikakken mai, duka sun kama, duka sun yi kauri, ludayi yana yanka su yana barin gurbi. Na ba maigida bai iya bambancewa ba, kuma mutum ne da ya tashi da nonon ruga. Inda na ga bambanci na gaske shi ne ranar da na samu wata oganik da ba a markaɗa manta a inji ba. Da gari ya waye na buɗe tukunya, sai ga mai ya taso ya kwanta a sama, rawaya-rawaya, irin wanda muke gani a ƙwaryar Fulani da damina. Na ji daɗin wannan ƙwarai. Amma rashin markaɗawar ne ya kawo shi, kuma akwai gonakin da ba na oganik ba da ke sayar da irinta. Launin kuwa daga ɗanyar ciyawa yake, shi ya sa madarar lokacin zafi ta fi ta hunturu kyau a wurina, kowace iri ce.

Sai batun gina jiki, wanda shi ne ainihin abin da ya dame ni. A 2016 masana a Jami'ar Newcastle sun tattara bincike kusan 200 da aka yi a kan madara, suka gano cewa oganik ta fi ɗayar omega-3, wani irin mai da jiki ke buƙata, da kusan kashi 50 cikin 100. Jin wannan adadi kaɗai ya isa ya sa mutum ya buɗe jaka. Amma da na duba nauyin abin, sai jikina ya yi sanyi: rabin lita na oganik mai cikakken mai yana ba da kusan miligiram 39 na irin omega-3 da jiki ya fi amfana da shi, ta gama-gari kuma 25. Yanka guda na kifin da muke kira taitus a gida ya haura miligiram 1,000. Wanda kuma yake sayen madarar da aka yaɗe wa mai, ko wannan ɗan ƙarin ba zai samu ba, tunda cikin man yake.

Binciken nan dai ya nuna wani abu da ba a cika faɗa ba: madarar gama-gari ta fi oganik sinadarin aidin da kashi 74 cikin 100. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A Najeriya doka ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993, don yaƙi da maƙoƙo, har mun saba ba ma tunaninsa. A Ingila babu wannan dokar, yawancin gishirin kanti ba shi da shi, kuma madara ce babbar hanyar da mutane ke samunsa. Mai ciki da mai shayarwa sun fi kowa buƙatarsa, domin ƙwaƙwalwar jariri da shi take ginuwa. Daga baya wasu masu kiwon oganik sun ƙara aidin a abincin shanunsu don cike giɓin, amma duk da haka idan 'yar'uwa mai juna biyu ta tambaye ni, ba zan ce mata oganik ta fi mata lafiya ba.

Kuɗin kuwa a kwalba ɗaya ba ya tsorata mutum. Sai an tara na wata, a gidan da ake shan madara kamar namu, ake ganin ya isa sayen kifi da ƙwai da ganye. Na zauna da maigida muka yi lissafi, na ce masa, "Baban yara, in don lafiyarsu ne, gara kuɗin nan ya tafi kifi." Haka muka yi. Yara suka koma madarar gama-gari mai cikakken mai.

Ban bar oganik gaba ɗaya ba, kuma dalilina saniyar ce. Na tashi ina ganin shanu suna fita da safe suna dawowa da yamma, maruƙa suna bin iyayensu. Ba na jin daɗin tunanin dabbar da ba ta taɓa taka ciyawa ba, kuma addininmu bai ɗauki haƙƙin dabba da wasa ba. Yawancin shanun madara a Ingila suna fita kiwo ko da ba oganik ba ne, amma tambarin ne ke ba ni tabbaci. Idan da sarari a aljihu, nakan sayi oganik don kindirmo. Wanda ya saya don wannan, kuɗinsa bai faɗi ƙasa banza ba.

Da na ba ƙanwata da ke Zariya labari, sai ta ce ai su nonon ruga suke sha, oganik na asali. Na ce mata shanun ruga sun fi na nan cin ciyawa, wannan ba musu, amma babu mai gwada madarar, kuma makiyayi yakan sayi allura a kasuwa ya yi wa saniya, ya tatse ta washegari. Tarin fuka na shanu da bakale, ciwon da ke sa saniya ɓari, duk suna bi ta ɗanyar madara su kama mutum. A nan kowace kwalbar kanti an zafafa ta zuwa aƙalla digiri 72 na daƙiƙa 15 don kashe su. Ita a can sai ta tafasa da kanta kafin ta kafa nono ko ta ba yaro. Na kuma ce ta riƙa karanta bayan gwangwani da leda, domin madarar gari da yawa a kasuwanninmu an cire mata man shanu an maye da man itatuwa, kuma a rubuce yake a jiki da ƙananan haruffa. Jaririnta da bai cika shekara ba kuwa, na roƙe ta kada ta ba shi madarar shanu a matsayin abin sha, ta ruga ko ta gwangwani, ta bar shi a kan mama.