Wai da gaske ba Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayon nan na Ingila, ne ya rubuta wasanninsa ba?

Jiya mun kusa raba dare ni da wani abokina kan maganar nan, shi ya dage wai Shakespeare, ɗan mai ɗinkin safar hannu daga garin Stratford wanda ko jami'a bai shiga ba, ba zai iya rubuta wasan Hamlet ba, sai dai Edward de Vere, wani basarake na Oxford. Hujjarsa ita ce wasiyyar da Shakespeare ya bari a 1616, har gadon kwana ya ambata ya bar wa matarsa amma ko littafi ɗaya babu a ciki.

To amma ai de Vere ya mutu tun 1604, wa ya rubuta wasan The Tempest da aka nuna a 1611 kenan? Kuma a 1623 abokan aikin Shakespeare biyu da suka yi wasa tare da shi a Landan su suka tattara wasanni 36 suka buga da sunansa, marubuci Ben Jonson da ya san shi ido da ido ya yi masa waƙar yabo a ciki.

Gaskiya abin da ke ci mini rai shi ne raina ɗan talaka da ke ƙarƙashin maganar, kuma fa sai bayan shekara fiye da 200 da mutuwar Shakespeare aka fara wannan shakkar.