Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Yadda Ake Auna Masallacin Ginin Ƙasa Kafin a Taɓa Shi

Assalamu alaikum ƴan uwa. A makon jiya na tsaya daidai inda na bar awon filaye a Tawa na koma awon tsofaffin masallatai. Yau zan jingine labarin kaina, domin abin da ke tafe ba zai fahimtu ba sai kun san yadda aikin yake.

Ku dubi masallacin Yama, nan cikin jihar Tawa. Alhaji Falke Barmu ya gina shi a 1962, a 1975 ya gyara rufin ya sa bakan gizo da tulluwa, daga 1978 zuwa 1982 kuma ya tayar da hasumiya huɗu, babu wadda ta yi kama da ƴar uwarta. A 1986 ginin ya samu lambar yabo ta Aga Khan ta fannin gine-gine. Gini irin wannan hannu ne ya siffanta shi, bangonsa na da kauri a ƙasa yana sirancewa a sama, kusurwarsa a zagaye. Tef da igiya ba sa kama wannan siffa.

Abu na farko, turaku. Ana kafa rodi uku ko huɗu a ƙasa, a ɗaure su da siminti, nesa da bango inda ruwan indararo ba ya kaiwa, a auna matsayinsu da na'urar awon kusurwa da tazara. Duk sauran awo a kansu yake rataye. Wanda ya tsallake wannan mataki zai samu kyakkyawan hoto, amma baɗi ba zai iya cewa ko bango ya motsa ba.

Sai na'urar leza. Ana girka ta bisa ƙafafu uku, ta juya tana harba haske, tana auna ɗigo, wato wurin da hasken ya taɓa a jikin gini, har miliyan a daƙiƙa guda, kuskurenta milimita kaɗan ne a tazarar mita 10. Matsalarta ɗaya: abin da ba ta gani ba, babu shi. Cikin masallacin ƙasa kuwa ginshiƙai ne birjik, kowanne na ɓoye na bayansa, don haka sai an yi ta matsar da ita sahu bayan sahu. Tsakanin kowace tsayawa da mai bi mata a bar alamomin baƙi da fari aƙalla uku da dukkansu ke gani, in ba haka ba kwamfuta za ta haɗa guntayen a karkace. Kada a liƙa alamar a jikin yaɓe, gam ba ya riƙewa, in ya riƙe kuma da ƙasa yake ɓallowa. A ɗora ta kan sanda. A naɗe tabarmi, a nemi izinin liman da sarkin magina, a shiga bayan Asuba a fita kafin Azahar. Juma'a ba ranar awo ba ce.

Inda babu leza, kamara ta wadatar, muddin an bi ƙa'ida. Kowane hoto ya maimaita kusan kashi 80 cikin 100 na wanda ya gabace shi, a tsaya kamar mita 5 daga bango, kada a taɓa zuƙo. Nan ne ginin ƙasa ke ba da wahala. Kwamfuta na haɗa hotuna ne da tabo da ƙananan duwatsun da take ganewa, sabon yaɓe sumul kuma bai da su, sai ta bar rami a wurin. Rana tsaka ma mugun lokaci ne, inuwar itacen da ke fitowa daga bango na tafiya, hoton ƙarfe 9 ba zai dace da na ƙarfe 11 ba. Ni na fi son safiyar hunturu mai ɗan hazo, haske a kwance, ko da yake ƙura mai yawa tana cika awon leza da ɗigon banza. Rufi da kan hasumiya sai jirgi marar matuƙi, shi kuma sai da takardar izini.

Kamarar zafi ita ke nuna abin da ke cikin bango. Wuri mai laima ya fi sanyi saboda ruwan da ke fita daga cikinsa, sai ya fito da launi dabam. A ɗauka da asuba ko bayan Magariba, don da rana bangon duka wuta ne. Sau da yawa layin sanyin yana bin ƙarƙashin indararo da ya tsage, ko saman shafen simintin da aka yi wa gindin bango da kyakkyawar niyya. Wannan shafen yana ci mini rai: siminti na kulle ruwa a ciki, tubali ya jiƙe ya ruɓe a ɓoye. Gara a cikin azara kuwa, har yau ƙwanƙwasawar magini ta fi ba ni tabbaci.

Awo ɗaya bai faɗin ciwo. Ana yin ɗaya a watan Mayu kafin damina, a sake a Nuwamba a kan turakun nan, sannan a ɗora su juna. Inda ruwa ya ci santimita 2 na yaɓe zai bayyana, haka hasumiyar da ta ƙara jingina. Bangon da ya karkata tun ranar gininsa, bai ƙara ba, a bar shi yadda maginin ya bar shi. Wanda ke ƙaruwa shi ake tokarewa. Na ga zane da yawa da aka miƙar da bango a kwamfuta don ya yi kyau, wannan ƙarya ce aka yi wa ginin.

Amfanin ajiye awo ya fito fili a Faris. Andrew Tallon, masanin tarihin gine-gine, ya auna majami'ar Notre-Dame da leza, ɗigo sama da biliyan, kafin gobarar 15 ga Afrilu 2019, kuma awon ya taimaka wa masu gyara. Hasumiyar Agadas mai mita 27, da ke cikin jerin UNESCO tun 2013, ta cancanci irin wannan kulawa, haka masallatan ƙauyukanmu na Adar. Sai dai a buga zanen a babbar takarda, a rubuta awon da mita da kamu, a kai wa sarkin magina hannu da hannu, a bar kwafi wurin liman.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu shiga gyaran rufin azara.