Tambayar da na kasa yi wa likita

Ranar da likita ya duba sakamakon gwajin PSA, gwajin jinin da ake bibiyar sankarar furostet da shi, ya ce adadin ya sauka har kusan babu, na yi hamdala, domin wata uku ke nan da aka cire mini furostet, ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsara wanda sankararsa ta fi kowace sankara kama maza a Najeriya. Sai dai akwai maganar da na shiga da ita a baki na kuma fito da ita, saboda layi ya kai baranda, ga ma'aikaciyar jinya sa'ar 'yata tsaye riƙe da fayil: tun bayan aikin gabana ya daina motsi.

Wata bakwai na yi ina ɓoye wannan damuwa, har mai ɗakina ta fara zaton wani laifi ta yi mini. A tsawon lokacin, masu tallar maganin maza da lasifika a bakin tasha ne kaɗai na ji suna ambaton matsalata a fili, kuma sau biyu na tsaya kusa da motarsu, ko da yake hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan irin waɗannan haɗe-haɗe.

Da na daure na yi tambayar, likitan mafitsara ya zana mini hoto a bayan kati. Wasu siraran jijiyoyi ne ke bin gefen furostet hagu da dama, su ne ke ba jini umarnin cika gaba, kuma ko da an bi hanyar kiyaye su wadda likitan tiyata Patrick Walsh ya fara a Amurka a 1982, sukan jigata, farfaɗowarsu kan kai shekara biyu. Shi ya sa ƙwayoyi irin su sildenafil da tadalafil ba sa yi wa kowa aiki, domin sai da sauran rai a jijiyar. Kafin ya rubuta mini ya tambaya ko ina amfani da maganin zuciya na ƙarƙashin harshe, saboda haɗa su kan faɗar da jini har ya kai ga halaka. Mai lasifika ba ya yin wannan tambaya.

Ƙwayar ana samunta a kowane babban kantin magani, amma abin da ke gaba da ita shi ne wahalar. Allurar alprostadil, wadda ake yi a gaba don ya motsa, na neme ta a garinmu ban samu ba, famfon da ke jawo jini kuwa sai da wani ɗan'uwa ya taho mini da shi daga waje, dashen roba a cikin gaba kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ɗan fansho. A ganina bai dace a sallami mutum ba tare da an zaunar da shi da iyalinsa an yi musu wannan bayani ba, balle waɗanda aka cire wa maraina ko ake yi wa allurar rage sinadarin maza don daƙile sankarar, waɗanda sha'awar kanta ke gushe musu.

Zuwana na ƙarshe, wani dattijo da ke kusa da ni a benci ya yi ta kewaye-kewaye har na gane inda ya dosa. Na ba shi biro da takarda, na ce ya rubuta tambayar ya miƙa wa likita idan bakinsa ya yi nauyi.