Yadda Kentucky ke tallafa wa makarantun yankunan talakawa

A Amurka gundumomin makarantu sun dogara sosai da harajin gidaje da filaye, shi ya sa makarantun yankin da ba arziki kan tagayyara. A 1989 kotun ƙolin jihar Kentucky ta soke tsarin ilimin jihar baki ɗaya, bayan gundumomi 66 sun kai ƙara kan rashin daidaito a kuɗin makarantu. Shekara na zagayowa aka kafa SEEK, wato tsarin da jihar ke bi wajen raba wa gundumomi kuɗin makarantu.

Ga lissafin: jiha ta yanke kuɗin da ya kamata a kashe wa kowane ɗalibi, gunduma ta tara aƙalla santi 30 kan kowace dala 100 ta darajar kadarori, jiha ta cike giɓin. Yaron da ya cancanci abincin rana kyauta saboda talaucin gidansu ana ƙara kashi 15 cikin ɗari na wannan kuɗin dominsa.

Inda gizo ke saƙa, ana biya ne bisa yawan yaran da ke zuwa kullum. A tsaunukan gabashin jihar, da aikin kwal ya ja baya, iyalai suka yi ta ƙaura. Idan yara goma suka tafi, kuɗin da ake biya dominsu ya tafi, amma motar makaranta dole ta bi hanyar nan mai kwane-kwane, a biya malami, a ɗumama aji da hunturu. A ganina an ƙwari ƙananan gundumomi a nan.