Godiya ga ma'aikatan jinyar da suka tsaya wa ƙanina

Alhamdulillahi, an sallamo ƙanina daga asibiti, yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci da hannunsa. A madadin Hajiyarmu da dukan gidanmu nake wannan godiya.

Ga waɗanda ba su ji ba, bai daɗe da fara shan Haloperidol saboda lalurar ƙwaƙwalwa ba, sai jikinsa ya sandare kamar icce, zafin jiki ya haura 39, gumi na karyo masa, ba ya gane kowa. A gida wasu suka ce maleriya ce, wasu suka ce iska. Sistar da ta karɓe mu ta kama hannunsa ya ƙi lanƙwasuwa, ta tambayi maganin da yake sha, nan take ta kira likita. Aka dakatar da maganin. Likita ya ce illar maganin ce da ba kasafai ake samu ba, suna kiranta NMS, kuma jinkiri a kanta yana kai mutum kabari, domin tsokar da ta sandare takan lalace, dattinta ya bi jini ya taɓa ƙoda.

Daga nan nauyin ya koma kan nas-nas. Ƙarin ruwa leda bayan leda, fanka da jiƙaƙƙen tawul har zafin ya sauka. Duk bayan awa 2 sai sun juya shi don kada kwanciya ta yi masa gyambo. Fitsarinsa ya yi duhu, suna aunawa suna rubutawa, cikin dare ma haka. Da Hajiya ta so ba shi kunu, wata nas ta riƙe hannunta a hankali ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, ba ya iya haɗiya yanzu, zai sarƙe." Wallahi ko sau ɗaya ban ji an kira shi mahaukaci a ɗakin nan ba, da sunansa suke kiransa, kuma wannan ya tsaya mini a rai fiye da komai.

Allah ya saka muku da alheri, ya tsare muku zuri'a. Masu shara, 'yan uwa da maƙwabtan da suka yi ta kawo abinci da gudummawa, mun gode ƙwarai.

Masu ba mu shawarar ya bar maganin asibiti gaba ɗaya, ku yi haƙuri, lalurar ƙwaƙwalwarsa na nan. Likita ya ce sai an jira aƙalla mako 2 bayan ya warware kafin a gwada wani maganin, kaɗan-kaɗan, ana sa ido. Mai son zuwa dubiya ya bari sai bayan la'asar, da safe yana hutawa.