Ga Sabon Likita a Ɗakin Yara Masu Ciwon Daji

Kuskuren da ya fi cin mu a farkon aiki shi ne ajiye mofin, maganin rage ciwo mai ƙarfi, sai yaro ya kusa cikawa. Tsoron kada ya danne numfashi ko ya zama jaraba ya sa muka bar yara suna murƙususu a kan farasitamol. Kada ku gaji wannan daga gare mu. Rage raɗaɗi yana farawa ne ranar da aka gano cutar.

Ɗan shekara 1 zuwa 12 mai ciwo mai tsanani, ana fara masa mofin na sha da miligiram 0.2 a kowane kilo, duk awa huɗu. Mai kilo 15 ke nan miligiram 3. A bi agogo, har tsakar dare. In ka rubuta "idan ya buƙata", ba za a ba shi ba sai ya yi kuka, alhali yaron da ciwo ya daɗe yana cinsa ba ya kuka. Lamo yake yi, ya daina wasa, ya ƙi a taɓa shi. In ciwon ya taso tsakanin lokuta, ƙara masa kashi ɗaya cikin goma na jimillar mofin ɗinsa ta awa 24. Maganin taurin bayan gida kuwa, rubuta shi tun ranar farko, domin mofin na jawo taurin. Kodin, wani maganin rage ciwo, ba na ƙasa da shekara 12 ba ne, domin hanta ce ke juya shi mofin: ta wani ba ta juyawa, ta wani ta wuce kima.

Sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, narkewa take da sauri in an fara magani, dattinta ya toshe ƙoda. Fara ƙarin ruwa da alofurinol, mai rage wannan dattin, kafin maganin sankarar, kada ka sa fotasiyam a ruwan, a riƙa auna fitsari.

Saurin narkewar nan yana ruɗin iyaye. Kumburi na sacewa, sai uba ya ce ya warke, a koma gida. Zaunar da su tun farko ka ce: "Baba, zai sace nan da kwanaki, amma saiwar tana nan sai an kammala."

Yaron da ke kan maganin sankara ya yi zazzaɓi, ko gwaji ya nuna na cizon sauro ne, a ɗebi jini a fara maganin ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa ɗaya.

Ranar da magani ya ƙi, kada bakinka ya furta "babu abin da za mu iya yi". Faɗa wa uwar gaskiya, ka koya mata auna mofin da sirinji ta ɗiga a gefen kumatu, ka tabbatar sun tafi da wanda zai ishe su.