Ruwan Agusta a cikin motar Baba

Tun da na gaji Peugeot 504 ɗin Baba, ƙirar Kaduna, ban taɓa kula da robar da ke riƙe gilashinta ba sai da ruwan Agusta ya jiƙa min kujerar baya sharkaf. Rana ta gasa robar, ta tsattsage kamar faso.

Ranar Asabar muka yanke tsohuwar da wuƙa, ni da ƙanena. Ashe tsatsa ta ci kusurwar ƙasa, sai da mai walda ya yi mana faci tukuna.

Sanya sabuwar robar dabara ce kawai. Muka ɗaura robar a gefen gilashin, muka cusa siririyar igiya cikin ramin robar, muka shafa ruwan sabulu. Ƙanena na dannawa daga waje da tafin hannu, ni ina ciki ina jan igiyar, leɓen robar na hawa ƙarfe kaɗan-kaɗan.

"Yaya, a hankali, kusurwa ce!" in ji shi. Gabana ya faɗi, don gilashin baya in ya fashe, tsaki-tsaki yake zama.

Na gaba kuwa sai da muka sake sau biyu, igiyar ta tsinke.